Harafi Ɗaya Tsakaninta da Mutuwa

Takarda ta zo daga Birnin Kebbi ran Talata,
da hatimi, da Turanci shafi huɗu.
Aka ce, Arzika, kai ne ɗan boko,
juye mana ita kafin taron masunta.

Na zauna a barandar ofis, Yawuri na tafasa.
Layi shida na wuce lafiya lau,
a na bakwai wata kalma ta tare ni
kamar kututture a hanyar jirgi.
Karon farko mutuwa na karanta,
gabana ya faɗi, na goge ido na sake:
ashe harafi ɗaya ne a tsakiyarta,
siriri, mai lanƙwasa kamar ƙugiya,
ya tsaya ya hana ta zama gawa.

Ƙamus ya ce, ƙaranci.
Abu yana nan, sai dai bai kai ba.
Ana faɗinta a kan hatsi, a kan ruwan sama,
a kan malamai a ƙauye,
a kan hujja gaban alƙali.
Kalmar manya ce, masu rubuta rahoto,
yaro ba ya zuwa da ita kasuwa.
Can ƙasa, da ƙananan baƙi, ya ƙara:
cikinsu ɗaya da kalmar tsada,
wadda kuma da ita suke kiran masoyi
a bakin wasiƙa.

Na rufe littafin, na gangara Kwara.

Baffa Nomau na ɗinkin taru a inuwar jirgi.
Na ce, Baffa, in kifi ya yi kaɗan me kuke cewa?
Bai ɗago ba. Ya ce, wane kaɗan?
Akwai kaɗan na cikar ruwa,
kifi ya bazu cikin burugu ya ƙi koma,
wannan sunansa haƙuri.
Akwai kaɗan na taru mai ƙanƙanen ido
da ke kwashe 'ya'ya tun ba su yi ƙaya ba,
wannan ba shi da wani suna sai namu.
Ya ciji zare, ya tofar.
Ya ce, rabona da giwan ruwa mai tsawon mutum
tun shekarar da aka yi maka kaciya.

Inna Tumba na gaban banda, hayaƙi na cin idonta.
Ita ba ta tsaya dogon zance ba.
Ta ce, ƙamfa, kai ma ka sani,
boko ne ya sa kake tambaya.
Da, kurungu gyara muke zuba wa yaro,
ko ya faɗi ƙasa sai kaji.
Na tsaya ina kallon hannunta:
kurungu tara ne a kan waya,
tana juya kowanne da yatsa biyu
kamar mai gyara wa jinjiri kwanciya.
Na ce a raina, to, ga tsadar, ga masoyin,
wanda ya ƙera kalmar nan
shi ma ya taɓa ƙirga abincinsa.

Ran taro na miƙe a gindin tsamiya,
na karanta, kifi ya yi ƙamfa a ruwan Yawuri.
Shiru.
Sai Ɗantani ya ce daga baya,
a mota aka ɗauko wannan labari
tun daga Birni, don a gaya mana?
Aka yi dariya, har ni,
irin wadda ba ta kai ciki.

Da magariba jirage suka tura, kamar kullum.
Na tsaya a gaɓa, takarda a aljihu,
ina tunanin harafin nan guda
da kalma duka ke rataye a kansa.
Ban gaya wa kowa ba.
Gobe dai zan tambayi Baffa
yatsa nawa ya kamata ya shiga idon taru.